Kuskuren Girka Manhaja Da Yadda Ake Bin Sawunsa

Da ƙarfe tara da rabi na safiyar Laraba, 1 ga watan Agusta, 2012, aka buɗe kasuwar hannayen jari ta birnin New York kamar yadda aka saba. Kafin ƙarfe goma da kwata, kamfanin dillancin hannayen jari na Knight Capital, wanda a lokacin kimanin kashi 10 cikin 100 na cinikin hannayen jarin Amurka ke bi ta hannunsa, ya tafka asarar da shi da kansa ya ƙiyasta ta kai Dala miliyan 440, watau kusan Dala miliyan 10 a kowane minti. Babu ɓarawon da ya kutsa cikin na'urorin kamfanin, kuma babu ma'aikacin da ya ci amana. An dai kai sabuwar manhaja kan manyan kwamfutoci bakwai daga cikin takwas da ke aika odar saye da sayarwa zuwa kasuwa, aka tsallake ta takwas ba tare da kowa ya lura ba.

Wannan lamari ya shafi ɗan kasuwar Nijeriya fiye da yadda zai zata. Mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, wanda yake jiran saƙon shigar kuɗi a wayarsa kafin ya saki kaya, ya dogara ne a kan manhajar banki wadda ake sabuntawa a kai a kai, sau da yawa cikin dare, ba da saninsa ba. A watan Oktoba na 2024, lokacin da wasu manyan bankunan ƙasar nan suka sauya babbar manhajar da ke riƙe da asusun ajiya, masu hulɗa da su da dama sun yi kwanaki suna fama da tura kuɗi. Saboda haka ya dace wanda ya zuba jarinsa a harkar da ke tafiya da kwamfuta ya san yadda ake kai sabuwar manhaja bakin aiki, da inda takan lalace, da kuma yadda masu sana'ar ke bin sawun ɓarnar.

Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne harhaɗawa. Abin da masu tsara manhaja suke rubutawa da hannunsu, a mafi yawan lokuta, ba shi ne na'ura ke aiki da shi kai tsaye ba. Sai an juya shi, an haɗa shi da waɗansu gutattsarin manhaja da aka aro daga wajen wasu, an gwada, sa'an nan a ƙunshe shi wuri guda. Kashi na biyu shi ne girkawa, watau ɗaukar wannan ƙunshi a ɗora shi kan manyan na'urorin da jama'a ke hulɗa da su, waɗanda masu sana'ar ke kira sabar, a kashe tsohon zubi a tayar da sabo. A da mutum ne ke zama ya yi waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya. A 1976 Stuart Feldman na cibiyar bincike ta Bell Labs ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna Make, wadda ake rubuta wa matakan a jere cikin fayil guda domin na'ura ta riƙa bi da kanta. Wannan jeren matakai shi ake nufi da rubutun umarni. A yau manhajoji irin su Jenkins da GitHub Actions ke tayar da irin wannan rubutu duk lokacin da wani ya yi gyara, ta yadda wasu kamfanoni kan sabunta manhajarsu sau da dama a yini guda.

Rubutun umarni kamar yaron kanti ne wanda ba ya gajiya, ba ya mantuwa, amma kuma ba ya tambaya. In maigida ya rubuta masa cewa ya kwashe duk abin da ke cikin sito na uku ya zubar, sai aka yi rashin sa'a lambar siton ta goge daga takardar, to ba zai dawo ya ce bai gane ba. Yana iya kwashe gidan baki ɗaya.

Lalacewar irin wannan rubutu iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin wannan bayani. Akwai wadda rubutun ke tsayawa tsakiyar hanya ya nuna ja, ya ƙi ci gaba. Wannan takan ɓata wa ma'aikata rai ta kuma jinkirta aiki, amma da wuya ta taɓa aljihun abokin ciniki, domin tsohon zubi yana nan yana aiki. Akwai kuma wadda rubutun ke kaiwa ƙarshe ya ba da rahoton cewa komai ya kammala, alhali wani mataki ya faɗi a hanya. Manyan asarorin da aka sani a wannan fage galibinsu daga iri na biyu suka fito.

Idan rubutu ya tsaya

Abu na farko da ƙwararre ke buɗewa shi ne kundin aiki, watau dogon rahoton da na'ura ke rubutawa layi bayan layi na duk abin da ta yi. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne su duba layin ƙarshe, tun da shi ne a gaban idonsu. Amma layin ƙarshe yawanci kukan matakin da ya zo ya tarar babu abin da zai yi aiki da shi ne. Ainihin ciwon yana can sama, wani lokaci da layi ɗaruruwa. Ƙa'idar ita ce a nemi kuskuren farko, a yi watsi da sauran har sai an gyara shi, domin sau da yawa kurakurai hamsin 'ya'yan guda ɗaya ne.

Sai kuma lambar da kowane umarni ke bari bayan ya gama. A na'urorin da ke aiki da tsarin Linux, waɗanda su suka fi yawa a wannan aiki, sifili na nufin an yi nasara, duk wata lamba kuwa na nufin akwai matsala. Lamba 127 na nufin ba a ma sami umarnin da aka kira ba. Lamba 126 na nufin an same shi amma ba a iya tayar da shi ba, yawanci saboda rashin izini. Lamba 137 na nufin an kashe aikin da ƙarfi, kuma galibi dalilin shi ne ya cinye ma'ajiyar wucin gadi ta na'urar. Wanda ya san waɗannan lambobi uku ya rage wa kansa wahala mai yawa.

Daga nan tambayar da ake yi guda ɗaya ce: me ya sauya tsakanin jiya da aikin ya tafi daidai da yau da ya ƙi? Na'ura ba ta sauya ra'ayi. In an ba ta abu ɗaya a yanayi ɗaya, sakamako ɗaya ya kamata ta bayar. Don haka in sakamako ya bambanta, lalle wani abu ya motsa, ko da kowa a ofis ya rantse bai taɓa komai ba. Mai yiwuwa manhajar da kanta aka gyara, ko rubutun umarnin. Waɗannan biyu suna da sauƙin ganowa, domin kamfanin da ya san abin da yake yi yana ajiye tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. In gyare-gyaren sun yi yawa, akwai dabarar raba biyu: a gwada zubin da ke tsakiyar jeren, in yana da lafiya an san ɓarnar tana rabin baya, in ba shi da lafiya tana rabin farko, a sake raba wannan rabin biyu. Da wannan hanya gwaji goma ya isa a zaƙulo gyara guda mai laifi daga cikin dubu, kuma manhajar Git da ake ajiye tarihin da ita tana da umarni na musamman domin wannan aiki.

Inda abin ya fi wuya shi ne sa'ad da sauyin ya auku a muhallin da rubutun ke aiki a ciki. Akwai wata magana da ta zama abin dariya a wannan sana'a, inda mai tsara manhaja zai ce ai a tasa kwamfutar komai na tafiya lafiya. Gaskiya yake faɗa, amma tasa kwamfutar ta tara kayan aiki iri-iri na shekaru, waɗanda babu su a na'urar harhaɗawa. Abubuwan da ke jawo irin wannan saɓani ƙanana ne ƙwarai. Tsarin Windows na rufe kowane layin rubutu da ɓoyayyun alamomi biyu, Linux kuwa da guda ɗaya, don haka rubutun da aka gyara a Windows na iya ƙin tashi a Linux alhali ido bai ga wani bambanci ba. Windows a bisa al'ada ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Linux yana bambantawa. A fayil ɗin Make dole layin umarni ya fara da alamar tsallake ta musamman. In aka sa sarari na yau da kullum a madadinta, aiki ya tsaya. Sai faifan ajiya da ya cika, da kalmar sirri da aka sauya ba a gaya wa rubutun ba, da takardar shaidar tsaro da wa'adinta ya ƙare. Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar aba ba ce: ran 6 ga watan Disamba, 2018, wata takardar shaida da ta ƙare a cikin manhajar kamfanin Ericsson ta katse intanet ɗin wayar miliyoyin masu hulɗa da kamfanin O2 a Birtaniya na kusan yini guda, ta kuma taɓa kamfanin SoftBank a Japan. Maganin da aka fi amfani da shi yanzu shi ne a riƙa yin harhaɗawa a cikin keɓaɓɓen muhalli da ake ginawa sabo fil kowane lokaci daga rubutaccen tsari, kamar yadda manhajar Docker ke bayarwa, ta yadda na'urar ma'aikaci da ta kamfani za su zama abu ɗaya.

Sa'an nan akwai kayan aro. Manhajar zamani ba a rubuta ta daga tushe. Akan ɗauko gutattsari ɗaruruwa daga rumbunan da ke kan intanet, kuma kowane gutsure na da nasa gutattsarin da ya aro. A watan Maris na 2016 wani mai tsara manhaja ya yi fushi da masu kula da rumbun npm, ya janye ayyukansa daga ciki. A cikinsu akwai wani ɗan gutsure mai suna left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi ne a gefen hagu na rubutu. Nan take harhaɗawa ta tsaya a wurare masu ɗimbin yawa a duniya, har da na mutanen da ba su taɓa jin sunan gutsuren ba, sai da masu rumbun suka mayar da shi da kansu cikin 'yan sa'o'i. Ɗan kasuwa zai gane wannan da sauri, domin batun mai kawo kaya ne: wanda ya dogara ga mutum guda a can nesa, ba shi da ajiya a sito, ranar da motar ba ta zo ba ya rufe kanti. Kamfanonin da suka yi hankali suna ƙayyade ainihin zubin kowane gutsure da suke aro, su kuma ajiye kwafinsa a nasu rumbun.

Akwai wata ɗabi'a da ta kamata shugaban kamfani ya sa wa ido. Wani gwajin yakan faɗi yau ya wuce gobe ba tare da an taɓa komai ba, yawanci saboda ayyuka biyu na rige-rigen isa wuri guda, ko saboda jinkirin hanyar sadarwa. Ma'aikata sukan saba da danna maɓallin sakewa har ya wuce. Illar ita ce ja ya daina nufin komai a wurinsu, ranar da gargaɗin gaske ya zo su danna sakewa kamar kullum.

Idan rubutu ya ce ya gama

A nan ne ake asarar dukiya. Harshen umarni da aka fi amfani da shi a Linux, watau bash, yana da wata ɗabi'a ta asali da ke ba baƙo mamaki: in wani layi ya faɗi, ba ya tsayawa, sai ya wuce layi na gaba. In layin ƙarshe ya yi nasara, rubutun gaba ɗaya zai ba da sifili, allo ya nuna kore. Haka kuma in an jera umarni da yawa suna miƙa wa juna aiki, sakamakon na ƙarshe kaɗai ake dubawa. Ana gyara wannan da 'yan kalmomi a saman rubutun, waɗanda ke umartarsa ya tsaya a kuskuren farko, ya kuma ƙi aiki da duk wani gurbi da ba a cike ba. Ba su kawar da kowane haɗari, amma rashinsu shi ne abu na farko da mai bincike ke nema.

Misalin gurbin da ba a cike ba ya faru a fili a watan Janairu na 2015, a manhajar wasanni ta Steam ta kamfanin Valve. A cikin rubutunta na Linux akwai layin da ke share duk abin da ke cikin jakar manhajar, kuma sunan jakar ana ajiye shi ne a wani gurbi da wani layi na sama ke cikewa. A wani yanayi gurbin yakan zama fanko, sai umarnin ya koma ma'anar a share komai tun daga tushen faifai. Mutumin da ya fara kai ƙara ya rasa dukkan fayilolinsa, har da na faifan ajiya na waje da ke jone da kwamfutar. Abin takaici, wani daga cikin masu rubutun ya riga ya bar ɗan sharhi a daidai wannan layi cewa abin tsoro ne. An ga ramin, aka yi masa alama, ba a cike shi ba.

Batun Knight Capital ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma rahoton Hukumar Kula da Kasuwannin Hannayen Jari ta Amurka, watau SEC, wanda ya fito a watan Oktoba na 2013, ya zayyana shi dalla-dalla. Kasuwar New York za ta fara wani sabon shiri na ƙananan masu zuba jari ran 1 ga Agusta, don haka kamfanin ya rubuta sabon sashe a manhajarsa mai suna SMARS, wadda ke karɓar babbar oda ta daddatsa ta ƙanana ta aika kasuwa. A cikin manhajar akwai wani tsohon sashe mai suna Power Peg wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a cire shi ba. A 2005 kuma aka ɗauke ma'aunin da ke gaya wa wannan sashe cewa oda ta cika ya tsaya, aka mayar da shi wani wuri, ba a sake gwada tsohon sashen ba. Masu rubuta sabon sashen sai suka yi tsimi, suka ɗauki makunnin da a da ke tayar da Power Peg suka mayar da shi na sabon aiki.

Daga 27 ga Yuli aka soma girkawa, na'ura bayan na'ura. Wani ma'aikaci bai kwafa sabon zubin kan ɗaya daga cikin takwas ɗin ba, babu mutum na biyu da ya duba aikinsa, kuma kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'idar da ta wajabta hakan. Da aka kunna makunnin ranar Laraba, na'urori bakwai suka yi sabon aiki, ta takwas ta tayar da gawar da ta kwana shekara tara. Daga oda 212 na abokan ciniki, ta yi ta aika oda ba ƙaƙƙautawa har aka ƙulla ciniki sama da miliyan 4 a hannayen jarin kamfanoni 154, adadin da ya haura hannun jari miliyan 397. Kamfanin ya tsinci kansa riƙe da hannayen jari na kimanin Dala biliyan 3.5 da bai yi niyyar saye ba, ya kuma sayar da na kimanin Dala biliyan 3.15 da bai mallaka ba. Hukumar ta ce asarar ta wuce Dala miliyan 460.

Abubuwa biyu a cikin rahoton sun fi adadin kuɗin muhimmanci ga mai son fahimtar binciken kuskure. Na ɗaya, tun daga misalin ƙarfe takwas na safe, sa'a ɗaya da rabi kafin buɗe kasuwa, na'urar ta aika saƙonnin imel 97 ga wasu ma'aikata, dukkansu suna ambaton Power Peg. Ba a tsara saƙonnin a matsayin gargaɗin gaggawa ba, kuma ba a saba duba su ba, don haka babu wanda ya ɗauki mataki. Na biyu, da gobara ta tashi, injiniyoyin suka zaci sabon zubin ne mai laifi, suka cire shi daga na'urori bakwai ɗin da ke da lafiya. Makunnin kuwa yana nan a kunne. Sai ga tsohon sashen ya farka a kan waɗannan ma.

Zato ne mai ma'ana, shi ya sa yake da haɗari. Wanda ke cikin ruɗani yakan kama abin da ya sauya na baya-bayan nan ya ce shi ne. Da akwai wani mataki a ƙarshen girkawa da ke tambayar kowace na'ura wane zubi take ɗauke da shi, ya kwatanta amsoshin takwas, da an ga saɓanin tun kafin ranar. Wannan ba aiki ne mai tsada ba. Kowane ƙunshi na manhaja ana iya lissafa masa lamba ta musamman wadda ke sauyawa ko da harafi ɗaya aka taɓa, kamar hatimin da ake sa wa tankar mai a depo a duba shi a gidan mai. Rubutun da ya ce ya aika kaya bai gama aiki ba sai ya karɓo shaidar isarsu daga kowace na'ura.

Komawa tsohon zubi ma ba abu ne da ake yi da ka ba. Makonni shida kafin lamarin Knight, a watan Yuni na 2012, sashen fasaha na rukunin bankin Royal Bank of Scotland ya sabunta manhajar da ke jera ayyukan daidaita asusun jama'a cikin dare. Da aka ga matsala sai aka cire sabon zubin ba tare da an gwada abin da cirewar za ta haifar ba, ashe sabon da tsohon ba su jituwa. Masu ajiya sama da miliyan 6.5 a bankunan RBS da NatWest da Ulster Bank suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, albashi bai shiga ba, biyan bashi bai fita ba, wasu har na tsawon makonni. A watan Nuwamba na 2014 hukumomin kula da harkokin kuɗi na Birtaniya suka ci bankin tarar Fam miliyan 56. Dalilin wannan matsala a fili yake: sabon zubi yakan sauya fasalin bayanan da ke ajiye, tsohon kuma in ya dawo ba zai gane su ba. Hanyar komawa baya ita ma rubutun umarni ce, tana da nata kurakuran, kuma in ba a taɓa gwada ta da rana tsaka ba, ba a san ko tana aiki ba.

Wani zai ce ai kuskuren Knight na hannun mutum ne, da na'ura ce ta yi girkawar da ba a tsallake ta takwas ba. Haka ne, kuma shi ya sa masana'antar ta rungumi sarrafa aikin da na'ura. Sai dai ta fuskar tattalin arziki abin da aka yi musaya ce: an rage ƙananan kurakurai masu yawan aukuwa, an ƙara girman wanda zai auku jefi-jefi, domin rubutun da ke iya kai gyara ga na'ura miliyan cikin minti kaɗan yana iya kai ɓarna da wannan saurin.

An ga haka ranar Juma'a, 19 ga watan Yuli, 2024. Da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Nijeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya saki wani ƙaramin fayil na sabuntawa ga abokan cinikinsa masu amfani da Windows. Fayil ɗin ya sa manhajar ta nemi bayani na 21 a inda guda 20 kaɗai ake ba ta, sai na'urorin suka riƙa faɗuwa suna sake tashi suna sake faɗuwa. Kamfanin ya janye fayil ɗin da ƙarfe 6:27, watau bayan minti 78, amma Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 sun riga sun kamu. Filayen jiragen sama da asibitoci da bankuna da gidajen talabijin a ƙasashe da dama suka tsaya cik. Kamfanin yana da manhajar tantancewa da ke duba irin wannan fayil kafin a sake shi, kuma ta duba ta ce lafiya, domin ita kanta tana da aibu. Janyewar kuwa ba ta amfani na'urar da ta riga ta faɗi ba, tun da yawancinsu ba sa tsayuwa har su karɓi gyara. Sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna share fayil ɗin da hannu.

Abin da CrowdStrike ya yi alkawarin yi daga baya shi ne abin da aka daɗe da sani a sana'ar, watau saki kaɗan-kaɗan. A fara da na'urori ƙalilan, a jira a ga lafiyarsu, sa'an nan a faɗaɗa, kuma rubutun da kansa ya tsaya in alƙaluma suka nuna faɗuwa ta ƙaru. Wannan ba ya hana kuskure aukuwa. Yana dai ƙayyade yawan waɗanda zai shafa, kamar yadda mai sayen hatsi ke farke buhu ɗaya ya duba kafin ya biya kuɗin tirela.

Ga shugaban kamfanin da ba injiniya ba, wanda ke sayen manhaja ko ke biyan masu rubuta masa, ba lalle ne ya iya karanta rubutun umarni ba kafin ya auna ingancin aikin. Yana iya tambayar yaushe ne aka gwada komawa tsohon zubi na ƙarshe, kuma minti nawa ya ɗauka. Yana iya neman a nuna masa, a kan allo, yadda ake tabbatar da cewa dukkan na'urori zubi ɗaya suke ɗauke da shi. Ya kamata ya san sunan wanda gargaɗi ke zuwa wa da ƙarfe biyu na dare, da kuma ko wannan mutumin yana da ikon dakatar da komai ba tare da ya jira izinin wani ba. Knight ya shafe minti 45 babu wata tsararriyar hanya ta yanke na'urar daga kasuwa. Amsar da aka yi ta kewaye-kewaye a kanta ita ma amsa ce. Tarar da SEC ta ci Knight Dala miliyan 12 ce kawai, amma sai da wasu masu zuba jari suka kawo Dala miliyan 400 cikin kwanaki biyar kafin ya tsira, bisa sharuɗɗan da suka karya darajar hannun jarin masu shi na asali, kuma a 2013 ya haɗe da kamfanin Getco.

Sai kuma takardar yarjejeniya, wadda 'yan kasuwa da yawa ke sa wa hannu ba su karanta sashen diyya ba. Kamfanin jiragen sama na Delta a Amurka ya soke tashin jirage kimanin 7,000 cikin kwanaki biyar sakamakon lamarin CrowdStrike, ya ce asararsa ta kai Dala miliyan 500, ya kuma shigar da ƙara a wata kotun jihar Jojiya a watan Oktoba na 2024. Tun a watan Agusta na shekarar lauyan CrowdStrike ya rubuta wa Delta cewa kamfanin jiragen ne ya yi jinkirin farfaɗo da na'urorinsa, kuma bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsu iyakar diyyar da za a iya nema ba ta kai Dala miliyan 10 ba.